Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

Maganar wannan mako a kan taimako take, irin wanda ake kawo wa talakawa na ruwan sha da salga da tsaba, da kuma mudun da ya kamata a riƙa auna shi da shi.

Wanda duk ya bi lungunan Kinkinau da sassafe cikin watan Maris ko Afrilu, sa'ad da bazara ta yi tsanani, zai ga tankuna bisa dogayen ƙarafa, kowane da allonsa, an rubuta sunan wanda ya gina da shekarar da aka gina. Wani na ɗan majalisa ne, wani na ƙungiya, wani kuwa na bawan Allah ne da ya yi domin iyayensa da suka riga mu gidan gaskiya. Waɗansu suna ba da ruwa, mata da yara sun jera bokitai. Waɗansu kuwa 'yan garuwa ke wucewa ta gindinsu da kura, jarka goma ko goma sha biyu, ba su ko waiwaya, gama sun san babu ɗigo a ciki. To, a takardun masu taimako duka biyun ɗaya suke. Mai ruwa da marar ruwa kowane an rubuta shi rijiya guda, an rubuta mutum kaza suka amfana, an rufe littafi. Wannan shi ne aibin da ya fi kowane girma cikin sha'anin taimako a ƙasar nan: ana yin awo ran buɗewa, ranar da aka yanka ƙyalle aka ɗauki hoto, alhali kuwa ba a sanin gaskiyar rijiya sai ta ga rani uku.

Kafin a kai ga rijiyoyin taimako, dole a tambaya me ya sa unguwa irin Kinkinau take bukatarsu. Unguwa ce a cikin gari, maƙwabciyar Unguwar Mu'azu, a ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu ko da yake tana arewacin kogi. Garin kansa saboda ruwa aka kafa shi, domin cikin dalilan da suka sa Turawa suka tashi daga Zungeru suka mai da hedkwatar Arewa Kaduna a 1917 har da wadatar kogin nan. Akwai gidan ruwa a Malali, akwai wani a kudu, kuma cikin shekarun 1970 aka datse Kangimi domin a riƙa ƙara wa kogi ruwa in ya ja baya da rani. Dattawan Tudun Wada suna iya ba da labarin zamanin da ake murɗa famfo a tsakar gida ruwa ya zo. Amma gari ya yi ta faɗi, bututu bai bi shi ba, wanda ke ƙasa kuma ya tsufa ya rube. Ba Kaduna kaɗai ba ce. Bankin Duniya ya fitar da wani bincike a 2017, ya ce a 1990 kashi 32 bisa ɗari na mutanen biranen Nijeriya ruwan famfo na isa gidajensu, amma a 2015 sun koma kashi 7. Da wuya a sami wani abu da ya ci baya haka a ƙasar da kullum ake cewa tana ci gaba.

Ba kuwa don an rasa zuba kuɗi ba. A 2004 Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 120 domin gyaran ruwan birane a jihohi uku, Kaduna da Ogun da Inugu, daga baya ya ƙara. Aikin ruwan Zariya an ba da kwangilarsa a 2008 zamanin Gwamna Namadi Sambo, Bankin Musulunci na Jidda da Bankin Raya Afirka suka sa hannu, aka buɗe matatar da aka ce za ta iya tace lita miliyan 150 kowace rana a 2017. A 2016 aka sake wa hukumar ruwa ta jiha doka da suna domin ta riƙa tafiyar da kanta kamar kamfani. Duk da haka, da Gwamna Uba Sani ya hau sai da ya ce sha'anin ruwa ya shiga halin ko-ta-kwana, kuma cikin abin da ya fara biya a 2024 har da bashin albashin ma'aikatan hukumar ruwan kansu. Mai hankali ya tsaya a nan ya yi tunani. Injin da aka sayo da rance daga ƙetare, wanda jikoki za su biya, an damƙa shi a hannun ma'aikacin da ya yi watanni bai ga albashi ba, ba alif, ba sinadarin kashe ƙwayoyi, wuta kuma sai ta ga dama. Masu awo sun rubuta abin da matata za ta iya tacewa. Abin da ya fito a bakin famfon talaka, wannan wani lissafi ne daban, kuma shi ne ba a cika bugawa ba.

Saboda haka kowa ya koma haƙa. Mai hali ya kira masu injin burtsatse, marar hali ya haƙa rijiyar guga ko ya jira ɗan garuwa, masu taimako kuma suka shigo ta wannan ƙofa. Binciken nan na 2017 ya taɓo wannan ma, kuma abin da ya faɗa ya isa ya hana mai niyyar alheri barci: fiye da kashi 38 bisa ɗari na rijiyoyi da famfunan da aka gina a ƙasar ba su aiki, manyan ayyukan da ke da inji da tanki kuwa wajen kashi 46, sa'an nan kusan kashi 30 suna mutuwa ne tun cikin shekararsu ta farko.

Dalilan mutuwarsu sanannu ne ga duk wanda ya zauna kusa da ɗaya. Ƙasar Kaduna dutse ne a ƙarƙashi, ruwa yana zama ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da tsage-tsagen da ke ƙasa, ba ko'ina aka soka ake dacewa ba. Ɗan kwangila da aka biya shi bisa ga yawan ramuka yakan haƙa da damina ko da kaka, sa'ad da ruwa ke kusa, ya tsaya da zarar ya ga laima, a biya shi ya tafi. Bazara na zuwa ruwa ya sauka ƙasa da bakin inji, inji ya yi ta juyi a bushe har ya ƙone. Wani wurin kuwa haƙar ta yi kyau, amma an ɗora ta bisa janareta, ba a faɗi wanda zai sayi mai ba. Tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haye 1,000 a ƙarshen 2024, rijiyoyi da yawa ba su lalace ba, yunwar mai ce ta kashe su. Masu aiki da hasken rana sun fi sauƙi, amma su ma ɓarawo ya san darajar faifan. Famfon tuƙa-tuƙa kuwa sau da yawa 'yar roba ce ta cinye, wadda kuɗinta bai kai na buhun siminti ba, amma ba wanda aka ɗora wa sayenta, sai a bar famfo ya zama wurin ɗaure akuya.

A nan ba za a ɗora wa masu taimako laifi su kaɗai ba. Jama'a ma da nasu. Abin da aka ce na kowa ne yakan zama ba na kowa ba, kowa ya ɗiba, in ya lalace kowa ya ce a jira mai shi ya dawo. Mutumin da ke ba ɗan garuwa kuɗi kowace safiya ba ya ƙorafi, in aka ce ya ba da kaɗan daga cikin wannan a ƙarshen wata domin asusun gyara sai ya ce ai ruwan sadaka ne, ba a sayar da sadaka. Wannan fahimta ce gurguwa. Sadaka mai gudana ana kiranta haka ne domin amfaninta yana gudana, in ruwa ya tsaya me ya rage yana gudana? Magabata sun san haka. Rijiyar Ruma da Sayyadina Usmanu ya saya a Madina ya yi waƙafi da ita, har yau ana kula da gonar dabinon da ke kewaye da ita. Magudanar da Zubaida matar Haruna Rashid ta jawo daga Wadi Nu'uman zuwa Arfa ta shayar da alhazai fiye da shekara dubu, kuma ba ƙarfin gini kaɗai ya kai ta haka ba, sarakuna ne suka yi ta gyara ta zamani bayan zamani, har Turkawa. Malaman fiƙihu da suka yi magana a kan waƙafi sun gabatar da gyaran abin da aka yi waƙafin a kan rabon amfaninsa, domin asali ya wanzu. Mai kuɗin da zai haƙa rijiya uku da sunan mahaifinsa, da ya haƙa biyu ya gina shago guda da kuɗin ta ukun, hayar shagon ta zama ta gyara, da ya fi kusa da abin da ya nufa. Sai dai shago ba a yanka masa ƙyalle.

Sa'an nan akwai mas'ala ta biyu, wadda ta fi ta farko ɓoyuwa, watau ko ruwan da ya zo lafiyayye ne. Kowane ɗalibi da ya karanta Ahalari ko Iziyya ya san ana duba ruwan tsarki ta launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa, in babu wanda ya sake, ya halatta a yi alwala da shi. Wannan hukuncin ibada ne, kuma daidai yake a babinsa. Amma mutane da yawa sun ɗauke shi sun kai babin sha, suna zaton duk ruwan da ya yi garau ba ya cutarwa. Ƙwayar amai da gudawa ba ta da launi, ba ta da wari, haka ta zazzaɓin taifot. Ruwa yana iya zama mai tsarki mai tsarkakewa, kuma ya kwantar da yaro. Ma'aikatan lafiya suna cewa a bar kamar mita 30 tsakanin rijiya da ramin salga. To, filin gida a unguwannin Kaduna galibi ƙafa hamsin ne da ɗari, ƙafa ɗari kuwa ita ce mita 30 ɗin, balle inda aka raba fili biyu ko huɗu. Ko mutum ya kai rijiyarsa ƙarshen gida, salgar maƙwabci tana bayan katanga. Duk burtsatsen da aka haƙa a irin wannan wuri ba a toshe wuyansa da siminti yadda ya kamata ba, da damina abin da ke cikin ramin maƙwabci yana iya gangarowa cikinsa. Allon da ke jikin tanki yana faɗin wanda ya ba da kuɗi, ba ya faɗin ran da aka kai ruwan ɗakin gwaji.

Ƙasar Bangaladash ta ga irin wannan da girma. Daga shekarun 1970 hukumomin taimako, har da hukumar yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka taimaka aka haƙa famfunan tuƙa-tuƙa ba adadi domin a raba mutane da ruwan kududdufi. Gudawa ta ragu, aka yi ta yabo. Sai cikin shekarun 1990 aka gane ruwan ƙasar yana ɗauke da wata guba mai suna asanik, wadda ba wanda ya yi tunanin gwadawa, bayan miliyoyin mutane sun sha ta shekara da shekaru. Niyya ta yi kyau, ƙidayar famfuna ta cika, tambaya guda ce ba a yi ba.

Maganar salga ita ce wadda aka fi jin kunyarta, kuma ita ce masu taimako na gida suka fi gudu, domin ba wanda ke son a rubuta sunan mahaifinsa a ƙofar masai. A Nuwamba 2018 Shugaba Buhari ya ce sha'anin ruwa da tsabta ya shiga halin ko-ta-kwana, a 2019 ya sa hannu a kan umarnin cewa a daina bahaya a fili kafin 2025. Ƙidayar da gwamnati ta yi tare da hukumar yara a 2021 ta sami mutum miliyan 48 suna yin haka. Jigawa ta zama jiha ta farko da aka ba shaidar rabuwa da shi a 2022, amma a ƙarshen 2024 ƙananan hukumomin da suka sami shaidar ba su kai 150 ba cikin 774, aka ɗage wa'adi zuwa 2030. Shaidar kuma ta rana ɗaya ce. Masu dubawa su zo, su ga kowane gida da rami da murfi, su rubuta. Damina biyu ta wuce, ramin ƙasa ya rufta, ba wanda ya dawo. Zamanin En'e duba-gari ba ya ba da shaida ya tafi, kullum yana tafe, yana buɗe randa yana leƙa bayan gida, wanda ya ƙi gyara ya gamu da alkali. An yi ta kukan tsananinsa, wani lokaci da gaskiya, amma dai yana dawowa.

A cikin gari kuwa akwai jama'a guda da wannan ƙidaya ba ta gani, domin gida-gida ake yin ta, su kuwa ba su cikin lissafin kowane gida. Su ne almajirai. Makarantar allo mai yara hamsin ko ɗari a zaure guda, da masai ɗaya ko babu, ina ake zaton yaran suke zuwa? Kwata da kango da bakin rafi sun sani. Wannan magana tana da ɗaci ga malamai, amma ba ta faɗuwa don an yi shiru. Malamin da ya karɓi yaro daga hannun ubansa ya karɓi amanar cikinsa da lafiyarsa, kuma wanda ke koyar da babin tsarki shi ya fi cancanta ya fara neman a gina wa ɗalibansa wurin kama ruwa kafin ya nemi tabarma ko lasifika. Attajiran da ke aiko da abinci da azumi su ma su san buhun shinkafa ƙarewa yake, masai mai ɗaki huɗu da famfo a gefensa yana iya kai shekara ashirin. A 2021 amai da gudawa ta kama mutum fiye da 111,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,600, mafi yawa a jihohin Arewa, kuma yara 'yan shekara biyar zuwa goma sha huɗu su ne ta fi kamawa. Mai karatu ya san shekarun su wane ne waɗannan.

Su kansu manyan ƙungiyoyin agaji sai da suka sha wuya kafin su yarda a riƙa auna su. A 1994, bayan kashe-kashen Ruwanda, mutane wajen miliyan suka kwarara garin Goma na ƙasar Kwango, ƙungiyoyi suka cika wurin kowace da tutarta, amma cikin wata guda kimanin mutum 50,000 suka mutu, galibi da amai da gudawa da atuni. Binciken da aka yi bayan haka shi ya haifar da ƙa'idojin da suke bi yanzu: kowane mutum ya sami aƙalla lita 15 a rana, kada wurin ɗiba ya wuce mita 500 daga masauki, kada jiran layi ya wuce rabin sa'a, kada mutum fiye da 20 su haɗu a masai ɗaya. Domin sansanin gudun hijira aka yi su, watau su ne mafi ƙarancin abin da ake ganin ɗan Adam zai rayu da shi cikin mutunci. Abin kunya ne a ce za a iya ɗaukar wannan mudu a shiga da shi unguwar da ke zaune lafiya a tsakiyar Kaduna, a sami makarantu da gidajen haya da ba su cika shi ba.

Taimakon abinci shi ma ciwonsa guda ne da na ruwa, ana ƙidaya buhu da faranti. A Janairu 2016 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta fara ciyar da 'yan firamare, naira 50 kowane yaro a rana, yara wajen miliyan ɗaya da rabi. Rajista ta cika ta batse, aka yi murna. Amma jaridu sun ba da labarin yaran da ke zuwa da kwano, su ci, su watse kafin a koma aji, kuma bayan 'yan watanni nauyin kuɗi ya sa aka dakatar. Na tarayya da ya biyo baya shi ma an dakatar da shi a Janairu 2024 saboda binciken kuɗi. Da tun farko yawan waɗanda suka zauna har tashi aka riƙa ƙidayawa, da waɗanda suka iya karatu a ƙarshen shekara, da nauyin jikinsu, da an san ko abin ya biya. A Oktoba 2020 kuwa jama'a suka fasa rumbunan kayan tallafin annobar korona a garuruwa da yawa, har da na Barnawa a nan Kaduna, aka sa dokar hana fita. Ɗiban abin da ba a ba mutum ba laifi ne, babu ja. Amma tambaya tana nan: me kayan ke yi a rumbu watanni bayan kullen da aka tara su dominsa? A Disamba 2024, cikin mako ɗaya, turmutsutsun rabon abinci a Ibadan da Abuja da Okija ya kashe mutum fiye da 60, na Ibadan yara ne 35. A Bauchi ma mata sun rasu wurin rabon zakka a watan Maris na wannan shekarar. Rabon da ake tara mayunwata a ƙofa ɗaya domin a ga yawansu, na mai bayarwa ne ya fi zama na mai karɓa. Zakkar da aka bi gida-gida da dare ta hannun wanda ya san unguwa ba ta taɓa take kowa ba.

Abin da ya auku a Maraɗi a 2005 ya isa darasi a kan yadda mudu marar kyau ke ɓatar da masu niyyar kirki. Masu lissafi suka auna hatsin da aka girbe a Nijar, suka ga giɓin ba shi da yawa, suka mai da ido ga arewa inda fari da fara suka yi ɓarna. Ashe a Maraɗi, rumbun ƙasar, nan yara suka fi mutuwa. Gero yana kasuwa, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka, wanda tun kaka ya sayar da nasa ya biya bashi. Gwamnati ta tsaya a kan sayarwa da rangwame, rabon kyauta bai kankama ba sai cikin Agusta. A wannan shekara likitocin Na-Gari Na-Kowa sun yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawa a jihar Maraɗi. Damtsen yaro suka auna, shi ya sa suka ga abin da masu auna rumbu ba su gani ba. Bayan shekara ashirin, ƙungiyar nan ta ce yara 652 sun mutu a asibitocinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon 2025. A wannan shekarar ce kuma Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, Ingila ta ce za ta rage nata, Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin kuɗin ciyar da mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas yana ƙarewa. Duk aikin da aka tsara shi bisa zaton mai bayarwa ba zai gaji ba, a 2025 aka ga iyakarsa.

Akwai dai aiki guda da aka auna shi daidai, kuma ya kamata a riƙa tuna shi. Shi ne yaƙi da kurkunu. A ƙarshen shekarun 1980 aka bi ƙauyukan Nijeriya aka ƙidaya masu ciwon, aka sami fiye da 650,000, ƙasar ta fi kowace a duniya. Cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimi Kata ta shigo, Janar Yakubu Gowon ya yi ta yawo ƙauye-ƙauye. An haƙa rijiyoyi, an raba ƙyallen tacewa, an zuba magani a tafkuna, amma ba ɗaya daga cikin waɗannan da aka ɗauka shi ne nasara. Masu ciwon ake ƙidayawa, kowane wata, ta hannun ɗan ƙauyen da ke zaune a cikinsa, har aka sa lada ga wanda ya kawo labarin mai kurkunu. Watau an biya mutane domin su faɗi inda aikin ya kasa. Na ƙarshe an same shi a jihar Inugu a 2008, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasar shaidar rabuwa da shi. Yaran yau ba su san kurkunu ba sai a bakin kakanni.

Da alama Bankin Duniya ya fara karkata wannan hanya. Sabon shirinsa na 2021, na dala miliyan 700, wanda ya haɗa jihohi bakwai har da Kaduna da Katsina da Gombe da Filato, an gina shi ne a kan cewa jiha ta fara yin aiki, wani mai dubawa daban ya tabbatar ruwa yana zuwa, kana a biya. Wannan ya fi na da. Sai dai mai dubawan baƙo ne, yana zuwa a lokacin da aka sani, kuma rahotonsa da Turanci yake, yana tafiya sama. Matar da ke tashi kafin asuba ta kama layi ba ta taɓa ganinsa ba, ba a kuma tambaye ta ba, alhali ita ce ta san kwana nawa famfo ya yi a bushe cikin watan jiya. Har yanzu mai bayarwa ne ke auna kansa, ko ya ɗauki wanda zai auna shi ya biya shi.

Unguwa kamar Kinkinau ba ta bukatar jiran kowa kafin ta riƙe nata littafin. Tana da mai unguwa, tana da limamai, tana da ƙungiyoyin matasa da malaman Islamiyya mata da ke shiga kowane gida. Littafi guda na 'yan makaranta ya isa: a rubuta kowace rijiyar taimako, da shekararta, da zurfinta in an sani, da wanda makulli ke hannunsa, da abin da ke cikin asusun gyaranta. Kowace Juma'a a sa alama, ta ba da ruwa ko ba ta bayar ba. Sau biyu a shekara, da tsakiyar damina da ƙarshen rani, a haɗa kuɗi a kai ruwanta gwaji, a liƙa sakamakon a jikin tanki da boko da ajami, kusa da sunan mai taimako. A shafi na dabam a rubuta kowace makarantar allo da yawan ɗalibanta da yawan masanta. In wani ya zo da niyyar haƙa sabuwa, ɗan siyasa ne ko ƙungiya ko mai neman lada, a buɗe masa littafin ya ga matattun da ke jiran gyara, a gaya masa kuɗin tayar da uku daga cikinsu bai kai na haƙa guda ba. Wanda ya ce shi dai sabuwa yake so mai ɗauke da sunansa, a karɓa da godiya, amma a nemi ya bari sai Afrilu a yi haƙar, kuma ya faɗi a gaban shaidu wanda zai sayi inji na biyu in na farko ya ƙone.